An sace tutar Faransawa a filin jirage marasa inji: wasa ne ko rashin ladabi?

Habu Makanike: Assalamu alaikum mutanen zaure. Kwana biyu ban leƙo ba, a yi mini afuwa, aiki ne ya riƙe ni. Maigidana na garejin da nake aiki a nan kudancin Faransa yana tuƙa jirgin nan marar inji da suke kira planeur. To an yi wata gasa ta mako biyu, tawagogin ƙasashe suka zo, shi ma ya samu shiga, sai ya ce in bi shi in riƙa yi masa hidimar ƙasa: haɗa fukafukai, gogewa, ɗura ruwa, turawa zuwa layi. Na ga abin mamaki a sama, amma wanda na gani a ƙasa ya fi shi. Rana ta uku aka wayi gari babu tutar Faransawa a kan sandarta, sai wani tsohon tawul yana kaɗawa. A taron safe kyaftin ɗin 'yan Ingila ya miƙe, fuska ba alamar dariya, ya ce sun tsinci wani ƙyalle mai launi uku a hanya, duk mai shi ya kawo dogon burodi goma ya karɓa. Kuma wallahi sai da aka kai burodin.

Hajiya Asabe Marwa: Wa alaikumus salam ɗana. Burodi goma kacal? Ashe tutar Faransa ba ta da tsada haka, mu aka bari muna jin tsoronta shekara da shekaru.

Habu Makanike: Hajiya ai ba a nan ta tsaya ba. 'Yan Ingilan suna da wata 'yar tsana ta zaki da suke ɗaurewa a gaban motarsu. Kwana biyu bayan haka ta ɓace. Kullum da safe sai a haska hotonta a bango lokacin da ake bayanin yanayi: yau tana zaune cikin jirgin Bafaranshe an ɗaura mata bel, gobe tana gaban faranti da cuku, jibi tana barci a tantin wani. Har aka tashi gasar ba a san takamaimai wanda ya ɗauke ta ba, ranar rabon kyauta aka same ta zaune a kan kujerar alƙali. Wani kuma ya fito da asuba ya tarar an naɗe motarsa kaf da farin salatif, har madubi. Kuma masu yin wannan ba yara ba ne fa. Likitoci, injiniyoyi, matuƙan manyan jiragen fasinja, wasu da furfura.

Alhaji Bappa Ngaundere: Habu, ni wannan bai ba ni dariya ba. Tutar ƙasa ba abin wasa ba ce. A nan gida in ana ɗaga tuta kana wucewa ba ka tsaya ba ka san abin da za ka gani wurin jandarma. Babba da furfurarsa ya tashi cikin dare yana sanɗa yana kwance igiyar tuta? Wannan rashin aikin yi ne, kuɗi ne ya yi musu yawa.

Baba Modu Kusiri: Ku ji Bafillace yana wa'azi a kan sanɗar dare. To wa ya koya wa duniya sanɗa in ba ku ba? Bappa, ka fara biyan kuɗin sharar da nake binka tun watan cika-ciki, sannan ka zo ka yi wa Turawa faɗa.

Alhaji Bappa Ngaundere: Modu, ana maganar manya kai ka koma ka ƙirga zanen fuskarka. Bawa ba ya bin ubangijinsa bashi.

Malama Rabi: Alhaji, da girmanka, amma ka lura da abin da ya faru yanzun nan? Ka ce wa Baba Modu bawa a gaban mutum sama da ɗari, shi kuma na tabbata dariya yake yi a Kusiri. Da wani ne daban ya faɗa masa wannan kalma da yanzu ana neman masu sulhu. Abin da Habu ya gani ke nan. Taubasantaka ce, Turawan ne dai ba su da suna mai kyau da za su kira ta.

Alhaji Bappa Ngaundere: Malama, namu daban ne. Tsakanin Fulani da Barebari abu ne da muka gada, dendiraagu muke ce masa, yana da asali yana da ƙa'ida. Su wa ya ɗaura musu?

Nura Jimeta: Ni kafin a je can, wani ya fahimtar da ni. Jirgi ba inji, me zai ɗaga shi, kuma tseren me ake yi? Wanda ya riga faɗowa?

Kawu Isa Mai Ritaya: Nura, bari in ba ka a taƙaice, don na yi shekaru ina gyaran jirage a Garwa, kuma wannan fannin na daɗe ina bibiyarsa ko da ban taɓa hawa ba. Ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan shi da igiya zuwa wajen mita 600, sai matuƙi ya saki igiyar. Daga nan sai abin da Allah ya hore masa na iska. Rana tana gasa ƙasa, iska mai ɗumi tana tashi sama kamar hayaƙi, shi kuma ya shiga cikinta yana kewayawa tana ɗaga shi. In ya yi sama sosai sai ya miƙe ya zurara zuwa ta gaba. Jiragen gasa na yanzu, duk mita ɗaya da suka sauka suna cin mita 50 a gaba, wasu ma fiye. Kullum ana ba su hanya, kilomita 300, 500 ko sama da haka, su taɓa wurare kaza su dawo gida. Na'ura tana rubuta duk inda mutum ya bi. Wanda ya fi gudu shi ke da maki mafi yawa, kuma ƙololuwar makin rana ɗaya 1000 ne. Ka taɓa tsayawa bayan mahauta da azahar ka ga ungulaye suna jewa ba sa kaɗa fiffike? Shi ke nan, ba wani abu ba.

Habu Makanike: Daidai, Kawu. Faransawan ma famfo suke kiran wannan iskar, wai tana tura ka sama. In suka hango tsuntsu yana jewa sai su nufe shi da gudu.

Hajiya Asabe Marwa: Ashe su ma sun san ungulu ba ta jewar banza.

Kawu Isa Mai Ritaya: Yanzu in koma kan tambayar Alhaji, wa ya ɗaura musu. Alhaji, yaƙi ne ya ɗaura musu. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus rundunar sama, aka kuma takura musu a kan jirage masu inji. Sai samarinsu suka hau wani dutse mai suna Wasserkuppe, tsayinsa mita 950, suka fara gasa da jirage marasa inji tun 1920. A kan wannan dutsen aka yi gasar da ake lissafawa ta farko ta duniya a 1937, Bajamushe Heini Dittmar ya ci. Har an shirya saka wasan cikin gasar Olamfik ta 1940, yaƙi na biyu ya tarwatsa komai. Matuƙan Jamus da yawa da suka yi ruwan bama-bamai a Turai a kan irin waɗannan jiragen suka fara koyon tashi. Yau jikokinsu da jikokin waɗanda aka jefa wa bam ɗin suna kwana a fili ɗaya, tanti kusa da tanti, suna satar wa juna tuta. Ni in aka ba ni zaɓi tsakanin wancan da wannan, na ɗauki satar tuta.

Malama Rabi: Na gode Kawu, abin da nake son in kai gare shi ke nan. Mu ma in aka bi diddigin yawancin wasannin da ke tsakanin ƙabilu da garuruwa, za a tarar da tsohuwar gaba a ƙarƙashi. Fulani da Barno ba da murmushi suka fara ba, kowa ya san yadda mayaƙan Fulani suka ci Birnin Ngazargamu, babban birnin Barno, a 1808. Kalmar bawa da Alhaji ya jefa wa Baba Modu ɗazu, akwai zamanin da in an faɗe ta da takobi ake raka ta. Yanzu an cire mata dafi an bar ta a baki. Ba a wasa irin wannan da baƙon da ba ka sani ba, sai wanda kuka taɓa gwabzawa kuka gaji.

Baba Modu Kusiri: Malama ki ƙarasa tarihin mana. Ki faɗa musu Shehu Laminu ya zo ya kora su da sandunansu.

Alhaji Bappa Ngaundere: Ya kora mu, amma birnin naku yana ina yau?

Nura Jimeta: To mu 'yan Najeriya da ku 'yan Kamaru fa? Wace gaba ce a ƙarƙashi? Don ni dai tun da na shigo zauren nan ban huta ba.

Mamman Njamena: Wasan ƙarshe na kofin ƙwallon Afirka da Kamaru ta doke ku: 1984, 1988, 2000. Uku ke nan, kuma ta ƙarshen a Legas, a cikin gidanku. Ni ɗan Chadi ne, ba ni da rabo a ciki, lissafi kawai nake taya ku.

Nura Jimeta: Ka manta da Abijan, Janairun 2024. Biyu da babu, Lookman duka biyun.

Hajiya Asabe Marwa: Nura, mu ne fa muka cika muku filin ƙwallon Rumde Ajiya na Garwa a 2022 muna yi muku tafi kuka ci Masar. Da Tunisiya ta fitar da ku a wannan filin har da masu kuka a Yelwa. Wannan ne sakayyar?

Admin Sani: Jama'a a bar ƙwallo, in aka shiga nan sai asuba. Habu, ci gaba.

Habu Makanike: To akwai abin da ban faɗa ba, tun ɗazu nake juya shi a raina. Ni ma na yi nawa wasan, kuma bai yi kyau ba. Tawagar da ke kusa da mu, ba zan faɗi ƙasarsu ba, sun ɗaure mini takalma a saman sandar da ke nuna iska. Na yi rabin safiya ina yawo da silifa ana yi mini dariya. Na ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Da dare na kwashe tiyonsu da jarkokinsu da mazurarin da suke ɗura ruwa da shi, na ɓoye bayan banɗaki. Niyyata in fito da su da sassafe bayan sun ɗan sha wahala. Sai maigidana ya aike ni gari neman batir, layi ya riƙe ni, na manta shaf. Kafin in dawo an jera jirage. Biyu daga cikinsu sun ara a wurin wasu sun ɗura, amma ɗaya dattijo bai samu ya cika ba, ya tashi da rabin ruwa. Ranar kuma ita ce rana mafi ƙarfin iska a duk gasar. Da yamma da aka gane ni ne, babu wanda ya zage ni. Babu kuma wanda ya yi dariya. Wallahi da sun zage ni ya fi mini sauƙi.

Nura Jimeta: Ban gane ba. Su sun ɗauki takalminka, kai ka ɗauki tiyonsu. Kunnen doki ke nan. Kuma ruwa a jirgi na mene ne, ba nauyi zai ƙara masa ba? Ai taimakonsa ka yi.

Malama Rabi: A'a Nura, nauyin ake so. Wannan ina koya wa 'yan lise, wato sakandare, misalinsa. Ka ɗauki moto biyu, wato babur, a kan gangara, ɗaya da buhunan masara ɗaya ba kaya, ka kashe musu inji. Wanne zai fi zurarawa? Jirgi mai nauyi yana sauka a kan layi ɗaya da marar nauyi, amma da gudu mafi yawa. Illarsa ita ce wajen hawa yana da nawa. Don haka ranar da iskar ke da ƙarfi, mai ruwa shi ke da riba, ranar da ta yi rauni kuma sai ya buɗe ya zubar. Kafin sauka ma ana zubarwa.

Kawu Isa Mai Ritaya: Kuma ba ɗan kaɗan ba ne, a cikin fukafukan ake ɗura lita 150 zuwa 200. Ajin masu fiffike mita 18 an yarda su kai kilo 600, babban aji kilo 850, har a sikeli ake ɗora su. Habu, ba takalmi ka ɗaukar wa mutumin nan ba, maki ka ɗaukar masa. Kuma akwai abin da ya fi maki. Mutumin da zai yi awa biyar a sama ba inji, ka sa shi gaggawa da ɓacin rai kafin tashi, a irin wannan gaggawar ce ake manta saka ƙusar da ke riƙe jela. A aikinmu in kana ɗaure wani abu aka yi maka magana, daga farko kake sakewa.

Alhaji Bappa Ngaundere: To kun gani. Abin da nake faɗa ke nan. Daga tuta aka fara, ga inda aka kai. In da ba a buɗe ƙofar ba tun farko, yaron nan ba zai shiga ba.

Baba Modu Kusiri: A'a Bappa, yanzu ba da wasa nake ba. Ƙofar ba ta da laifi, yaron ne bai san ɗakin ba. Ni ina iya cire maka hula a tsakiyar kasuwar Ngaundere in ce sai ka fanshe ta, kowa ya yi dariya. Amma ban taɓa kwance maka saniya ba, ban taɓa ɓoye maka gugar rijiya ranar shayarwa ba. Taubashi yana taɓa girman kanka, ba ya taɓa abincinka. Habu ɗana, kai baƙo ne a cikinsu, ka ga ana wasa ka faɗa ciki ba ka tambayi iyakarsa ba.

Habu Makanike: Gaskiya ne Baba. Maigidana ma kusan haka ya ce. Ya ce tuta, mota, tanti, takalmi, duk halal ne. Jirgi da duk abin da ke shiga jikinsa, da laimar tsira, da barcin matuƙi, haramun. Ba a rubuce take a ko'ina ba, amma kowa ya san ta sai ni. Hukuncin da ya yanke mini shi ne duk sauran kwanakin in riga kowa tashi in goge wa dattijon fukafukansa kafin in taɓa namu. Kuma gogewar nan ba ta wasa ba ce, ƙwarin da ke mutuwa a bakin fiffike ma suna rage gudu, sai ka bi da tsumma da ruwa a hankali kamar kana wanke jariri. Kwana biyu dattijon bai ce mini komai ba. Rana ta uku ya fara nuna mini inda na bari. Ranar ƙarshe ya ba ni hularsa ta tawaga, na sa a kai, ashe ya cika ta da garin alli.

Hajiya Asabe Marwa: Alhamdu lillahi, ya yafe ke nan. Da bai yafe ba da hular za ta zo maka da tsabta.

Mamman Njamena: Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne a sama. A ƙasa kun ce akwai iyaka, to a can fa? Na ji an ce suna yaudarar juna.

Habu Makanike: Sosai ma. Ba a tare ake fara tseren ba, in an buɗe layi kowa yana zaɓar lokacin da zai ƙetare. Wanda ya fara tafiya shi ke nuna wa na baya inda famfo yake, don duk wanda ya hango shi yana jewa zai nufo wurin ba tare da wahalar nema ba. Saboda haka sai ka ga jirage talatin suna ta kewaya bakin layi kamar 'yan dambe, kowa yana jiran wani ya fara. Wani zai ƙetare kamar ya tafi, jama'a su bi shi, ya sulale ya dawo ya sake farawa a bayansu. Akwai kuma masu manne wa gwani tun daga farko har ƙarshe, ba sa neman komai da kansu.

Alhaji Bappa Ngaundere: Kaska ke nan.

Habu Makanike: Ita fa Alhaji. Kuma tawaga tana magana a rediyo da yarenta, wasu har da kalmomin sirri, don sun san ana saurarensu. Maigidana ya ce mini da ina tuƙi da ya so haka, mu yi ta Hausa ko Fillanci a sama mu ga wanda zai gane.

Kawu Isa Mai Ritaya: Wannan duk dabara ce da doka ta yarda da ita. Amma akwai inda ta wuce gona da iri har duniyar wasan ta girgiza. A gasar mata ta duniya da aka yi a Lake Keepit, Ostareliya, Janairun 2020, ana nuna wa jama'a inda kowane jirgi yake a intanet, amma da jinkirin minti 15, don kada a yi amfani da shi wajen tsere. Sai aka gano tawagar masu masauƙi tana samun bayanin kai tsaye ba jinkiri, ana sanar da matuƙansu ta rediyo daga ƙasa. Aka zaftare wa dukkansu maki, wadda take kan gaba a ajinta ta rasa matsayi na ɗaya. An daɗe ana jayayya a kai har da ɗaukaka ƙara.

Nura Jimeta: To ni a nan ina tare da su. Ba su fasa gidan kowa ba, ƙofa suka samu a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya bar ƙofar shi za a hukunta. Mene ne bambancinsa da sauraren rediyon wata tawaga?

Malama Rabi: Bambancin shi ne kowa ya san ana saurarensa a rediyo, kuma kowa yana iya saurare. Wancan kuwa sauran matan sun tashi da yaƙinin cewa akwai jinkirin minti 15 a kan kowa, alhali wasu suna ganinsu tsirara. Ka lura da 'yan Ingilan Habu: sun saci tuta, da safe suka miƙe a gaban kowa suka ce ga ta a hannunmu. Abin da za ka yi ka kasa tsayawa a taron safe ka ce ni na yi, ya fita daga wasa.

Nura Jimeta: Malama, to Habu ma ai bai ɓoye ba, da aka tambaya ya ce shi ne. Amma kun ce nasa ba wasa ba ne. Ma'auninki bai kama shi ba.

Malama Rabi: Ka kama ni a nan. To ma'auni biyu ne ke nan, nawa da na Baba Modu, sai abu ya tsallake duka biyun.

Nura Jimeta: Ni dai ban gamsu ba a kan matan. Su suna sama suna tuƙi, na ƙasa ne suka yi aikin.

Mamman Njamena: In yaron shagona ya tauye mudu, riba aljihuna take shiga, Nura. Ba zan ce ina masallaci lokacin ba.

Hajiya Asabe Marwa: Ku bar shari'a haka nan. Habu, abinci fa? Mako biyu cuku kawai ka ci?

Habu Makanike: Hajiya akwai dare guda da kowace ƙasa take kafa tebur ta kawo abincinta, kowa ya zaga ya ɗanɗana. Ni ba tawaga gare ni ba, amma suka ce sai Kamaru ta fito. Ina da sauran kilishin Ngaundere da yajin da Inna ta aiko mini, na dafa folere, wato zoɓo, na sa a firji. Wani Bajamushe ƙato ya ɗebi yajin da cokali kamar suga, na ce masa a hankali, ya ce shi ya je Indiya. Minti biyu yana bakin famfo yana hawaye. Washegari a taron safe aka ba ni kyautar rana, wai ni kaɗai na taɓa sa Bajamushe ya makara.

Baba Modu Kusiri: Ka rama mana abin da suka yi mana kafin 1916, lokacin da suke mulkin Kamaru.

Habu Makanike: Su Jamusawan ma al'adarsu ta fi ta kowa ban mamaki. Ranar da ɗalibi ya fara tashi shi kaɗai ba malami, in ya sauka sai a ba shi damin ƙaya a matsayin fure, sannan ya sunkuya kowa ya zo ya ɗaɗa masa duka a mazaunai, wai don wurin ya riƙa jin motsin iska. A Faransa bokitin ruwa ake sheƙa maka.

Alhaji Bappa Ngaundere: Wannan kam na gane shi. Sharo ne ba bulala.

Mamman Njamena: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Duk zafin nan da muke sha a Maris da Afrilu, sama da digiri 40, ga guguwa tana tashi a fili kullum, ba a nan ya kamata a yi wannan wasan ba?

Kawu Isa Mai Ritaya: Iskar kam muna da ita har ta yi yawa. Afirka ma ba baƙuwa ba ce a harkar, an yi gasar duniya a Mafikeng, Afirka ta Kudu, a 2001, kuma duk ƙarshen shekara Turawa suna loda jiragensu a kwantena su tafi Bitterwasser a Namibiya suna tafiyar kilomita 1000 a yini. Matsalarmu hazo, in ya sauko ba ka ganin jirgin da ke gabanka, sannan kuɗi, sannan izinin shawagi, musamman yadda tsaro yake a jiharmu ta Arewa Mai Nisa a Kamaru yanzu. Amma na sha tsayawa ina kallon dutsen Mindif da ke kusa da Marwa ina cewa da ma.

Alhaji Bappa Ngaundere: Isa, in iskar ta ƙare masa a tsakiyar daji fa, ba inji?

Habu Makanike: Alhaji wannan taka ce. Sai ya zaɓi gona ko makiyaya mai faɗi ya sauka, ya kira mu mu zo da tirela mu kwance fukafukan mu loda. Kuma ka san me Faransawa ke kiran wannan saukar? Zuwa wurin shanu. Sai ka ji an ce wane ya tafi wurin shanu yau. Maigidana ya tafi sau ɗaya, na yi tuƙin kilomita 90 na same shi tsaye da reshe a hannu yana kora, don shanun sun kewaye jirgin suna lasar fiffike, kuma in ɗaya ta taka shi an yi asarar miliyoyin sefa. Al'ada kuma shi zai sayi abincin dare ga duk wanda ya zo ɗaukarsa. Kafin mu dawo fili maƙwabtan nan namu sun riga sun rataya masa ƙararrawar saniya a ƙofar tanti.

Alhaji Bappa Ngaundere: To shanun suna da gaskiya, shi ya same su a gidansu. Ka gaya wa maigidanka, in ya taɓa sauka cikin garkena a Adamawa ba zan taɓa masa jirgi ba, tun da kun ce haramun ne. Amma hularsa da takalmansa sai ya fanshe su, kuma ni ba na karɓar burodi.

Baba Modu Kusiri: Habu kada ka yarda. Ya sauka a karal ɗinmu, filin laka da muke noman rani, bayan an girbe dawar masakwa, fili shimfiɗe har iyakar gani. Wurin Bappa ko jirgin bai ɓace ba za a ce maka saniya ce ta haɗiye agogon.

Alhaji Bappa Ngaundere: Karal ɗin da ya tsattsage kamar fuskarka? Tayar jirgin za ta maƙale tun kafin ya tsaya.

Habu Makanike: Zan isar masa da saƙon ku biyun. Bari in tashi, akwai motar da na bari a kan jak tun safe.